Inuwar Benen Baba Mala

Difa, 9 ga Disamba 2001

Yaya Habibou,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da jami'a da azumi. Mu nan kalau muke, sai ƙafar Baba da ta ɗan tashi, amma bai fasa fita kanti ba. Inna ta ce in tambaye ka ko a Yamai akwai mai dama maka kunun buɗa baki, ko busasshen burodi kake ci kamar soja. Ta ce ko da kai jikan wan babanta ne, nisan dangi bai hana ta tunanin cikinka ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki bik nake rubuto maka. Magana ce da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Amina da muke zama benci ɗaya a makarantar lise ba ta sani ba. Na'urar auna hasken rana da ka ɗora a kan soronmu da ka zo hutu, ka damƙa ta a hannun Yaya Lurwanu, to ba shi ke duba ta ba. Ni ce.

Kwana tara ya yi yana hawa. Ran na goma ya bi motar tattasai zuwa Maiduguri, da ya dawo ya ce shi ya girmi hawan tsani saboda wani kwanon gilashi. Ni kuwa ranar da kake koya masa ina gindin tsanin ina tsince shinkafa kamar ba na ji, alhali na ji komai: a hau kafin magariba, a karanta lambar da ta tara a yinin, a rubuta a kaye, wato littafin rubutu, a mayar da ita sifiri, a goge gilashin da ƙyalle mai laushi. Haka nake yi wata biyar ke nan, ban tsallake rana ba, har ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Takardun da Maikano direba ke kai maka duk ƙarshen wata da sunan Lurwanu a ƙasa, rubutuna ne. Da ka aiko masa da godiya, a tsakar gida ya karanta da ƙarfi, ya ce, "Ba komai, ai zumunci ne." Ko kunya bai ji ba.

Inna a zatonta littattafan soyayya nake hawa karantawa don kar Baba ya gani. To, ina karantawa ɗin ma. Amina ke aro mana su wurin wata mata da ke kawowa daga Kano, wasu babu bango, wasu babu shafin ƙarshe, sai mu zauna mu ƙirƙira musu ƙarshen da muke so. Amma sau da yawa sai in kife littafin in tsaya kallon lambar. Daga saman soro ana hango itatuwan bakin kogin Komadugu da gonakin da suka yi ja. Sai in ga kamar duk yinin nan rana magana take yi wa Difa, mutane na ta ciniki ba su ji ba, kwanon nan kaɗai ya ji, ya faɗa mini, ni kuma in faɗa maka. Kar ka yi dariya. In dole ne, yi ta can inda ba zan gani ba.

An kai ɗinkin sallarmu. Ni na so shuɗi, Inna ta saya mana ruwan ƙasa wai ba ya nuna datti. Na ce ai sallah za mu yi, ba yaɓe ba, ta jefe ni da murfin kwano.

Wani ɗan labari kuma. Tattasan da Inna ke daka yajin sayarwa da shi ya iso, kuma ka san ba ta shanya a ƙasa saboda awaki. Ran Litinin uku ga wata ta hau soro da tabarmi huɗu, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Kwanon ɗan'uwanku ya zo ya zauna a tsakiya kamar ango, ni ina zan shanya?" Na ce na jami'a ne. Ta ce, "Jami'ar tuwo ba yaji take ci?" Sai na ɗauke na'urar da kaina, a hankali, na kai ta kusurwar yamma, jikin bangon benen Baba Mala maƙwabcinmu. Na daidaita ta har ɗigon ruwan nan na jikinta mai nuna ko ta karkace ya tsaya a tsakiya yadda ka ce. Tana nan lafiya, ko ƙwarzane babu. In tattasai ya ƙare zan mayar da ita mazauninta.

Ka rufa mini asiri wurin Baba. In kuma ka ga bai dace ta zauna a hannuna ba, ka faɗa mini da bakinka, kada ta bakin Yaya Lurwanu.

Ƙanwarka,
Zakiyya


Yamai, 20 ga Janairu 2002

Zakiyya 'yar soro,

Wa'alaikumus salam. Barka da sallah, ko da ta tsufa. Ina lafiya. Ki gaida Baba da ƙafa, ki ce wa Inna burodin dai na ci, ta yi haƙuri.

Wai ke a zatonki ban sani ba? Tun wata na biyu na gane. Lurwanu in ya rubuta bakwai kamar karan dawa ne iska ta karya, sai ga takarda ta zo layi a miƙe, har da kwanan wata da jan bik. Na yi shiru ne in ga ranar da mai laifi za ta kawo kanta. Na'ura taki ce, ki ci gaba, kuma na gode.

Wasiƙarki shafi huɗu ce! Na farkon na karanta a tsaye bakin labo, ɗakin bincikenmu, sauran suna cikin jakata, zan zauna musu in na samu kaina. Ga abin da ya hana ni zama. Gwamnati ta fitar da sanarwar tallafin bincike kan kimiyyar rana da sararin samaniya. Ayyuka uku kaɗai za a ɗauka a faɗin ƙasa. Dosiye, wato takardun neman tallafin, zai shiga kafin talatin ga Afrilu, bayan nan a tsaya gaban kwamitin manyan malamai a kare shi baki da baki. Ni abin da nake so shi ne famfunan ban-ruwa masu aiki da rana a gonakin tattasai, daga Difa har Geskeru, mutane su huta da neman fetur. Amma kafin a yarda sai na nuna hasken da ke sauka a kwarin, rana bayan rana. Kin ga inda kayenki ya shigo.

Ba ni kaɗai ba ne. Muna tare da wata Rukaiya, 'yar garin Tawa, ita aikinta hotunan tauraron ɗan'adam, wanda ke auna hasken daga sama. Kan yarinyar nan, Zakiyya! Abin da zan kwana uku ina fama da shi, tana shan shayi take warware shi. Na ba ta takardunki duka, ta ce ba ta taɓa ganin awo mai tsabta haka ba.

Ki riƙe karatu, ki rage littattafan nan.

Yayanki,
Habibou


Difa, 17 ga Fabrairu 2002

Yaya Habibou,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. An sayo ragon layya daga Maine, baƙi ne mai faɗa, tun da ya zo bai bar kowa ya wuce ta zaure ba. Ƙafar Baba ta sauka.

Ga awon Janairu da rabin Fabrairu na haɗo.

Ashe ka sani ka bar ni wata uku ina fargaba. To Allah ya yafe maka, ni ina tunani.

Na karanta wa Inna labarin dosiye, ta yi addu'a sosai. Sai ta ce in tambaye ka, ita wannan Rukaiyar shekarunta nawa, da ka ce mata yarinya? Tana da aure? Iyayenta sun san tana zama ɗaki ɗaya da maza ana shan shayi? Inna ce ke tambaya, ni ba ruwana.

Ni dai abin da zan ce, ban san wata za ta riƙa riƙe takarduna ba. Kai na rubuta wa. Akwai ranakun da na yi ɗan zane a gefe, ranar da aka yi ruwa na zana lema, ranar haihuwata na zana tauraro. Yanzu duk ta gani, wataƙila har ta nuna wa mutanen labo an yi dariya. Wannan karon ka duba, babu zane ko ɗaya.

A littattafan da ka ce in rage, duk wadda aka ce tana da kai, doguwa ce, mai tabarau, ba ta dariya sai murmushi, kuma in ta shigo ɗaki kowa sai ya manta da wanda ya buɗe mata ƙofa. Na faɗa wa Amina haka, ta ce, "Ke Zakiyya, matar da ba ki taɓa gani ba har kin ɗinka mata tabarau?" Na ce ai ba sai na gani ba. Jiya a ajin fizik mushe, wato malaminmu, ya tambayi yadda ake auna hasken rana, duk ajin shiru, ni na sani sarai, amma ban ɗaga hannu ba. Na tabbata da ita ce da tuni ta miƙe har da allo.

Tambaya ɗaya tawa ta kaina. A cikin dosiyen nan, ana rubuta sunan wanda ya ɗauki awo? Ba wai ina so ba ne. Tambaya dai nake.

Akwai sauran labarin soro, amma ba zan ba ka ba sai ka gama da shafi ukun da ke kwance cikin jakarka.

Zakiyya


Yamai, 14 ga Maris 2002

Ƙanwata,

Ina gaida kowa, an yi layya lafiya? Ki ce wa "Inna" shekarun Rukaiya ashirin da shida, ba ta da aure, tabarau kuwa kin canka, tana sawa. Dariya kuma tana yi har ta fi ni. Lemarki ta burge ta ƙwarai.

Bar wannan, ki ji babban labari. Rukaiya ta jera lambobinki kusa da na tauraron ɗan'adam. Daga Agusta zuwa Nuwamba tafiya suke tare kamar tagwaye. Daga uku ga Disamba sai naki suka faɗi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken ya ɓace, har sha ɗaya ga Fabrairu, sannan suka koma daidai. Shi kuwa tauraro bai ga komai ba, sama tas. Ma'ana akwai abin da ke cinye haske a ƙasa-ƙasa, dab da gari, wanda daga sama ba a ganinsa. Na yini ina tunani, sai na tuna: wane lokaci ne ruwan Komadugu ke janyewa, masunta su kunna wutar bandar kifi daga Asaga har ƙasa? Hayaƙin banda, Zakiyya! Babu wanda ya taɓa auna wannan. Malaminmu da ya gani ya cire hularsa ya mayar. Yanzu shi ne zuciyar dosiyenmu, kuma tunda Rukaiya ta gano shi, babin nata ne, ita za ta tsaya gaban kwamiti ta kare shi.

Maganar suna. Takardar gwamnati ta ce masu bincike sai masu digiri, wato ni da ita. Mai kula da na'ura kuma sai mai katin ɗan ƙasa, ke kuma sha shida gare ki, don haka sunan Lurwanu zai zauna. Kar ki damu, takarda ce kawai, ni na san wadda ta yi aikin.

In Allah ya sa muka samu, shekara biyu za mu yi a Difa, ni da ita. Ni zan kama ɗaki kusa da kasuwa. Ita kuwa na ce mata ba ta da matsala, ɗakinki ya ishe ku ku biyu. Za ki ji daɗinta.

Ga 'yar takardarta na sa a ciki. Shafukanki suna nan, ban manta ba, sai bayan Afrilu.

Habibou


Yamai, 14 ga Maris 2002

Ƙanwata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ba mu san juna ba, amma wata biyu ke nan kullum da rubutunki nake wuni, har na san ranar da bik ɗinki ya fara ƙarewa. Sunana Rukaiya. Ina fata ke da mutanen gida kuna lafiya.

Tambaya gare ni, kuma ke kaɗai za ki iya amsa ta. Yayanki ya riga ya hau doki kan maganar hayaƙi, ni kuwa akwai abin da ya tsaya mini. Hasken a rana ɗaya ya faɗi, a rana ɗaya kuma ya dawo. Hayaƙi a hankali yake taruwa, a hankali yake bajewa. Shi ya sa nake so ki tuna da kyau: daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu, an taɓa na'urar? An gusar da ita, ko an rataya wani abu kusa da ita, ko an yi gini? Ko ƙaramin abu ne ki faɗa mini, ba laifi ba ne, kullum yana faruwa a aikin nan.

In kin ce babu, na yarda da ke, in rubuta babin da ƙwarin gwiwa.

Me ya sa kika daina zanen gefe? Ina nemansu.

Yayarki,
Rukaiya


Difa, 25 ga Maris 2002

Zuwa ga Malama Rukaiya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

Na ga tambayarki. Ba a taɓa na'ura ba. Tana inda Yaya Habibou ya ajiye ta.

Ga awon Maris har zuwa jiya. Zane kuma na yara ne, na daina.

Zakiyya Ɗalha


Yamai, 12 ga Afrilu 2002

Zakiyya,

Gaisuwa a gurguje, kowa lafiya nan sai zafi da rashin barci. Amsarki ta iso, Rukaiya ta gama babinta, shafi goma sha ɗaya, wallahi kamar ruwa.

Amma ki ji abin da ta yi miki. Ta ce ita ba za ta sa hannu a dosiyen da ya ce Lurwanu ne ya ɗauki awo ba, tunda ba gaskiya ba ne. Na ce doka ce. Ta ce, "Kawo dokar in gani." Ta karanta, ta ɗauki jaka ta tafi ma'aikata da kanta. Sau uku tana zuwa, ana ce mata mai biro, wato shugaban ofishin, ya fita, ran na uku ta zauna a bencin ƙofarsa tun safe har ya rasa ta inda zai wuce. Ƙarshe dai sun yarda a ƙara shafi ɗaya. Ga shi na sa miki a ciki, an buga da tafireta. Dubi sama: Zakiyya Ɗalha, ɗalibar lise, mai ɗaukar awo. Abin da ke ƙasa cewa yake kin ɗauki awon kullum, a wuri ɗaya, ba tare da an gusar da na'ura ba. Ki sa hannu inda na yi alama da fensir, Baba ya sa nasa a gefe.

Ki ba Maikano ran Litinin ashirin da biyu, kar ya wuce haka. Zai miƙa wa motar Yamai a Damagaram, ya same mu ran ashirin da biyar ko da shida. Kwana huɗu ke nan kafin a rufe. Malamin da zai shugabanci kwamitin an ce ba ya wasa, wanda ya kama da lambar ƙarya ba ya ƙara karɓar dosiyensa. Mu kam ba mu da fargaba, muna da ke.

To 'yar soro, suna ya shiga takardar gwamnati. Sai a fara gaishe ki da rusunawa.

Yayanki,
Habibou


Difa, Lahadi 21 ga Afrilu 2002

Yaya Habibou,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Baba da Inna suna gaishe ka. Wannan wasiƙar kar ka karanta ta a tsaye. Nemi kujera, ka kira Anti Rukaiya ta zauna kusa, don rabin maganar tata ce.

Babu hayaƙi. Bangon benen Baba Mala ne.

Ran uku ga Disamba Inna ta shanya tattasai a soro, na ɗauke na'urar daga tsakiya na kai ta kusurwar yamma, jikin bangon. Ran sha ɗaya ga Fabrairu tattasai ya ƙare, na mayar da ita. Tsakanin nan kullum da an yi la'asar, kai tun kafin la'asar ma, inuwar benen ke rufe ta har faɗuwar rana. Na sani, don a inuwar nake zama in yi karatuna. Ban ɗauka wani abu ba ne, na zaci in dai ɗigon ruwan na tsakiya shi ke nan. Kuma na faɗa maka tun a lokacin. Yana shafi na uku na wasiƙata ta farko. Buɗe jakarka ka gani.

Wannan kuskure ne. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne.

Ranar da wasiƙarka ta Maris ta zo, ina ganin kwanakin nan biyu na gane. Da farko dariya ta kama ni, wai malami har da cire hula saboda tattasan Inna. Na ɗauki bik zan rubuta maka. Sai na karanta sauran: babin nata ne, sunanta a sama, sunana babu, kuma gadona ma an riga an raba mana ba a tambaye ni ba. Sai na tuna wata uku shafukana na cikin jaka tare da ɓawon gyaɗa, ita kuwa tana yin tari ka ji. Na ajiye bik ɗin. Da na buɗe takardarta na ga ta yi tambayar da kai ba ka yi ba, sai abin ya ƙara ci mini rai. Har wannan ma ita ta gano.

Na yi mata ƙarya da gangan. Na zauna a soro na tsara yadda zai kasance: tana tsaye gaban kwamiti da tabaranta, wani tsoho ya ɗaga yatsa ya yi tambaya ɗaya, ta rasa amsa, ta fito tana kuka, kai kuma ka juyo ka tuna da wadda ba ta taɓa ba ka kunya ba. Na maimaita shi a kaina ya fi sau ashirin, har rigar da za ta sa na zaɓa mata. Ban taɓa sa ka a cikin ɗakin ba. Na manta kai ma kana tsaye a gefenta, dosiye ɗaya ne.

Sai ga shafin nan ya zo. Yaya, ban taɓa ganin sunana da tafireta ba. Na kai shi ɗaki na rufe ƙofa na yi ta shafa haruffan, ana jin tudunsu ta bayan takardar. Inna ta karɓa ta zaga da shi gida uku, ita da ba ta karanta boko, tana cewa, "Ku duba, gwamnati ta san da Zakiyya." Yaya Lurwanu ya ce, "Ai ni na koya mata." Baba ya ce in kawo da safe ya sa hannu kafin ya fita. Jiya muna tankaɗe Inna ta ce, "To bana tunda abin ya zama na hukuma, ba zan sake korar kwanon nan gindin bango ba, kar a zo a kama ni." Ta yi dariya. Ni na tashi na shiga ɗaki.

Matar da na zaɓa wa rigar jin kunya, ita ta zauna a benci tun safe don sunana.

Ba zan ce maka na daina jin haushinta ba, ƙarya zai zama, kuma na ƙoshi da ƙarya. Har yanzu in na tuna kuna shan shayi kuna magana kan rana da kalmomin da ban sani ba, sai haushin ya dawo sabo. A da na ɗauka don kai ne. Kwanan nan kuma sai in ga kamar kujerarta nake so, da jakarta, da bakin da take cewa "kawo dokar in gani." Ban rarrabe ba tukuna.

Ga abin da zan iya. Na kwafe kayen duka daga farko, na ja jan layi a kan kwana saba'in ɗin da ba su da kyau. Sauran, Agusta zuwa biyu ga Disamba, da sha ɗaya ga Fabrairu zuwa jiya, na rantse na'urar tana tsakiyar soro, babu abin da ya rufe ta. Na auna da igiya daga kusurwar zuwa bango, da tsawon bangon, Baba Mala da kansa ya riƙe mini ɗaya bakin yana tambaya ko haraji za a ɗora wa benensa. Awon na bayan shafi na ƙarshe, ko zai yi wa Anti Rukaiya amfani. Na san kwana huɗu ba su isa a sake shafi goma sha ɗaya ba. Na san in babu hayaƙi wataƙila dosiyenku ya zama kamar na kowa, a ba wasu, ba za ku zo Difa ba, kuma ni na jawo. In ka aiko a sauke na'urar daga soronmu, ba zan ce komai ba, zan naɗe ta da zanena mai kyau in ba Maikano.

Anti Rukaiya, kin ce in na ce babu kin yarda da ni. Akwai. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba yanzu, ba zan ga laifinki ba.

Shafin tafireta yana ciki, ban sa hannu ba. Na so in riƙe shi ko don kallo, amma abin da ke ƙasan sunan ba gaskiya ba ne.

Ƙanwarku,
Zakiyya

Litinin da safe. Na ce wa Baba akwai gyara a takardar, sai an sake bugowa, ya ce to, ya fita. Tun asuba ambulan ɗin na ƙarƙashin tabarmata, sau biyu na ce bari motar ta tafi, in ce na makara. Yanzu Yaya Lurwanu ya shigo ya ce Maikano ya gama ɗaure kaya, in akwai saƙo in kawo ya miƙa. Na ce a'a. Inna na ƙwala mini kira daga madafa wai ina za ni da mayafi da sassafe. Tasha za ni. Da hannuna zan ba shi.